Ƙafar Goggo Mai Lalle

Na Allah ne mu, wurinsa kuma za mu tattara, Goggo dai ta riga mu isa. Ranar Talata da hantsi ta cika a ɗakinta, a gidanmu na Rafin Guza, kafin la'asar mun kai ta. Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara huɗu, da uwata ta rasu, ita kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka har ta bar duniya ba ta taɓa kama sunana ba. “Babana” take ce mini, ko da zagina za ta yi.

Kwana uku muka yi a kan tabarmi a ƙofar gida. Tsofaffin direbobin tashar Kawo suka zo a ayari, mutanen da suka ci wainarta shekara da shekaru. Ɗayansu ya ce tun da ta daina suya bai sake karyawa da waina ba, ya faɗa yana kallon ƙasa. A cikin gida kuwa matata ta ce duk wadda ta shigo maganarta ɗaya: “Ta huta, baiwar Allah, ta sha jinya.” Wata mata ta zo tun daga Rigasa tana ɗingishi, ba wanda ya san ta, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin Goggo ta yi ta kuka har aka fara tambayar ko 'yar uwa ce. Ni na gane ta, zan zo kan labarinta. Abin da na lura da shi, ba wanda ya kira ciwon da sunansa. Shekara goma sha tara Goggo ta yi da gyambo a ƙafa, kaf unguwar nan an sani, amma a zaman makokinta sai ka ji ana “lalurar nan”.

Wanda ya fi ƙona mini rai Baffa ne, autansu mahaifina, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Duk wanda ya zauna sai Baffa ya nuna ni da carbi, ya ce, “Kun gan shi nan. Ta bar wasiyya a kwantar da ita kusa da ƙafarta da aka yanke bara. Shi ya binne ƙafar, shi ya nuna wurin aka haƙa. Ɗan halak ke nan.” Mutane su ce Allah ya yi albarka, ni kuma in ce amin. Wallahi ban san inda ƙafar nan take ba. Wurin da na nuna, nunawa kawai na yi. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don kada a manta da ita, kuma don na gaji da karɓar yabon da ba nawa ba.

Fiye da shekara talatin Goggo ta yi tana suyar waina a bakin tasha, daga asuba zuwa azahar. Sauran masu waina a zaune suke yi, ita kuwa ta ɗora tandarta a kan rabin duro, a tsaye take suya. Wai mai zama ba ta hango ciniki. Sannu a hankali jijiyoyin ƙafarta ta hagu suka kumbura suka murɗe, fatar saman idon sawu ta yi duhu, ta yi tauri, kullum tana ƙaiƙayi. Ran nan icen wuta ya ƙwarzane ta a wurin, ɗan ƙwarzanen da ko kallo na biyu ba za ka yi masa ba. Bai sake rufewa ba.

Mu kuwa mutanen nan, kowa likita ne a ƙafar wani. Wannan ya ce toka, wancan ya ce a fasa kafso a barbaɗa, wani bakanike har gida ya kawo mata man birki a kwalba. Ta gwada na gwadawa, ciwon ya ƙara buɗe baki. Daga ƙarshe dai muka koma asibitin gwamnati, ɗakin wankin ciwo, Litinin da Alhamis, ina goya ta a mashin kafin in wuce ofis.

A bencin ƙofar ɗakin nan Goggo ta zama malama. Ba ta iya karatu ba, amma mutum yana kwance bandejinsa za ta leƙa ta gaya mini irin nasa. Nata ta sa masa suna mai kuka, don kullum cikin tsiyayar ruwa yake, shimfiɗaɗɗe, ba zurfi sosai. Akwai wani tsohon mahauci da nasa yake a 'yan yatsu, ɗan ƙarami, busasshe, ƙafar sanyi ƙalau. Shi ko kwanciya ba ya iyawa sai ya sako ƙafar ƙasa, don da ya ɗaga ta azaba take taso masa. Goggo ta ce, “Wannan mai cizo ne, jini ne ba ya isa wurin.” Muna nan aka shigar da wani ɗan fansho mai ciwon suga, ana yanke masa mataccen nama a tafin ƙafa yana ta ba da labarin siyasa yana dariya. Na ce, “Goggo, wannan ai ya ji daɗi, ko zafi ba ya ji.” Ta harare ni.

“Babana, kai dai wawa ne. Duk bencin nan shi nake tausayi. Nawa yana kuka, na wancan yana cizo, kowa ya san da zamansu. Nasa shiru yake. Mai shirun nan shi ke cinye mutum.”

Malamar jinyar da ke wanke mata, wadda muke ce wa Sista, mace ce mai faɗa, amma jininsu ya haɗu da Goggo. Ita ce ta taɓa ce mata fata ba ado ba ce. Ita ke tsare ruwan jiki kada ya tsiyaye, ta hana ƙwayar cuta shiga, ta fitar da gumi in zafi ya yi yawa, ita ce kuma ke gaya wa mutum ya taka wuta. Goggo ta ce, “Wato riga ce.” Sista ta ce, “Riga ce, kuma in ta yage da kanta take ɗinkewa, muddin jini yana zuwa yana komawa. Naki yana sauka, hawowa ne ba ya yi. A ɗaure da bandeji tamau, ki kwanta ki ɗaga ƙafar sama da ƙirjinki. Maganin ke nan, Mama.” Goggo ta ce, “To. Ni in ɗaga ƙafa sama, tandar kuma ke za ki tsaya mata?”

Matar Rigasa a wannan bencin suka haɗu. Lokacin budurwa ce, mai sikila, gyambo a idon sawu biyu, ta zauna can ƙarshe ta rufe fuska da mayafi don kunya. Goggo ta ja jiki ta matsa kusa da ita, ta yaye nata zanin ta nuna mata, ta ce, “'Yar nan, dubi na manya. Naki ai ƙanensa ne.” Yarinyar ta yi dariya ba ta shirya ba. Daga ranar, duk Litinin da Alhamis sai Goggo ta ƙullo mata waina biyar da ƙuli a leda. Ta koya mata yadda ake tafasa bandeji a shanya a rana, da yadda ake ɗaurin zani ya sauka ba tare da ya goge ciwon ba. Shekara uku suna haka. Ni na manta da ita sarai, ita ashe ba ta manta ba.

Sau biyu ciwon Goggo ya kusa rufewa, duka biyun lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ita ne. Sai ka ga jan nama mai ƙuraje-ƙuraje ya taso daga ciki ya cike ramin, sabuwar fata siririya, fara-fara, tana rarrafowa daga gefe. Da murfi take auna shi. Daga murfin gwangwanin madara ya dawo murfin kwalbar lemo. Tana samun sauƙi ta koma gaban tanda, kafin wata ya zagayo ya sake buɗewa.

A kan haka muka yi faɗan da har yau yake damuna. Na yi lallashi, na sa Baffa ya yi magana, duk a banza. Wata safiya na ɗauke tandar na kulle a ɗakina. Ta fito ta tsaya tsakar gida, ta ce, “Da wannan ƙafar na kai ka makaranta. Yanzu ka soke biro a aljihu, kai ne za ka ɗaure ni?” Raina ya ɓaci, bakina ya kuɓuce. Na ce, “Goggo, mutane fa sun fara gudun wainarki. Wari ƙafar nan take yi.” Gaskiya na faɗa, amma da na san abin da za ta jawo da na haɗiye ta. Ta dube ni, ta dubi ƙafar, ta juya ɗaki. Ba ta sake tambayar tandar ba. Wata biyu in na gaishe ta da kai take amsawa.

Kunyar abin da na yi ce ta sa na kafa doka a gidan: kada wanda ya sake ambatar wari. 'Ya'yana, wanda ya toshe hanci a gaban Goggo ya sha duka. Matata, wadda ta karɓi wankin ciwon a gida, ta koyi yin sa fuska a sake. In baƙi za su zo a sa turaren wuta, a ce don sauro ne. Muka horar da hancinmu har ya daina gaya mana komai, muna ganin kara muke yi mata.

Abu ɗaya Goggo ba ta taɓa bari ba, lalle. Ƙafar hagu kullum a naɗe take, amma ta dama ba ta rabuwa da ƙunshi, irin na dā, wanda ake cika tafin ƙafa da 'yan yatsu, a bi shi da abin da ke mayar da shi baƙi wuluk. In an tsokane ta wai tsohuwa da ƙunshin ƙafa ɗaya, sai ta miƙe ta tana juyawa, ta ce, “Waccan ta tsufa a bandeji. Wannan kuma laifin me ta yi?” Ko da aka gano tana da ciwon suga, aka ce ta riƙa duba ƙafafunta kullum, duk hankalinmu a kan ta hagu ya tsaya. Ta dama ai lafiyayya ce, ga ta nan da adonta.

Ana saura kwana uku babbar Sallah, bara, matata ta ƙunsa mata kamar yadda ta saba. Aka naɗe ƙafar da leda da tsumma, Goggo ta matsa da ita kusa da kaskon garwashi don lallen ya kama. Likita ya ce a nan ta ƙone, a ƙarƙashin 'yan yatsu, ba ta ji ba. Sugan ya riga ya kashe jin ƙafar ba mu sani ba. Yatsun suka fara baƙi, muka ce kai, lallen bana ya kama. Wari ya ƙaru a ɗakin, wani iri dabam, mai nauyi. Na ji shi, matata ta ji shi, yara sun ji shi. Sai aka ƙara turare. Kusan sati uku muna haka, har zazzaɓi ya rufe ta tana sambatu.

A asibiti Sista ta wuce ƙafar hagu, ta kama ta dama ta juya tafin. Ba ta yi faɗa ba, faɗan da ta saba. Ta ce mini a hankali, “Malam, a gida ɗaya kuke kwana da ita?” Goggo ta ɗaga kai ta leƙa, ta daɗe tana kallo, ta ce, “Ashe mai shirun ne.”

Likita ya ce sai an yanke daga ƙasan gwiwa, in ba haka ba ba za ta kai sati ba. Ta ƙi. Kwana biyu muna fama, Baffa har kuka ya yi. Ta ce da ƙafa biyu ta zo, da biyu za ta koma. Limamin unguwarmu ya zo ya ce mata Allah da ya halicce ta ba zai rasa tattara ta ba, ko ina aka sa gaɓarta. Ta ce, “Malam, na san wannan. Ni dai ba na so a yar da ita ita kaɗai kamar ba ta da kowa.” Sannan ta kamo hannuna. “Babana, kai za ka kai ta da hannunka. Ka sa alama. In tawa ta zo, a kai ni kusa da ita. In ka yarda, su yanka.” Na ce na yarda, a gaban liman da Baffa.

Da azahar aka miƙo mini ita a naɗe cikin farin ƙyalle. Ban taɓa zaton ƙafa tana da nauyi haka ba. Na ari motar abokin aikina na sa ta a but, na nufi maƙabartar da mahaifina yake. Hadari ya haɗo. Da na buɗe but ɗin a bakin ƙofa, ƙyallen ya zame, dunduniyar ta leƙo da lallenta, zanen hannun matata raɗau. Na kau da kai. Tsohon da ke kula da maƙabartar ya fito daga rumfarsa da fartanya, ya ce, “Kawo, Alhaji, irin wannan can jikin katangar gabas muke sa su. Taho mu je.” Na miƙa masa. Na ce ya yi gaba, zan amsa waya. Ba wanda ya kira ni. Na tsaya a rumfar nan da waya a kunne, na juya baya, ruwa ya sauko. Da ya dawo a jiƙe ya ce an gama, na yi godiya na shiga mota. Tsoro ne da ƙyama, ba wani abu ba. Matar da ta wanke kashina, na kasa raka ƙafarta taku ɗari.

Tana farfaɗowa abin da ta fara tambaya ke nan. “Ka sa alama?” Na ce na sa. “Me ka sa?” Na ce dutse. “Akwai inuwa?” Na ce akwai darbejiya. Ta lumshe ido ta ce Allah ya yi mini albarka.

Na ce a raina gobe zan koma tsohon ya nuna mini. Goben ta zama sati, satin ya zama bayan damina. Ranar da na je, wani na tarar a rumfar. Ya ce tsoho ya koma garinsu ba lafiya, can ya rasu. Na je jikin katangar gabas. Doguwa ce, ciyawa ta rufe gindinta, ruwa ya shafe komai, darbejiya kuma sun fi goma. Na yi ta kai da kawowa kamar wanda ya yar da allura, ban ga ko tudu ba.

Wata goma sha huɗu Goggo ta yi a kwance bayan aikin. Wani lokaci sai ta kai hannu tana sosa katifa a inda ƙafar take dā, ta ce yatsun ne ke mata ƙaiƙayi. “Ka ji ja'ira. Tana jikina ba ta gaya mini komai ba, sai da aka binne ta ta koyi surutu.” Duk Juma'a in zan fita sai ta ce, “In ka gaida mahaifinka, ka biya ka gaishe ta. Ka ce ina tafe.” In na dawo ta ce, “Ka gaishe ta?” In ce na gaishe ta. Sau ɗaya na buɗe baki zan faɗa mata gaskiya. Na ce, “Goggo,” ta ce, “Na'am, Babana,” tana kallona da wannan yardar. Sai na tambaye ta ko za ta sha kunu.

Matan da suka yi mata wanka sun fito suna mamaki. Gyambon hagu ya rufe ruf, sai tabo mai sheƙi. Kwanciyar da Sista ta yi shekaru tana roƙo ita ta warkar da shi. Ƙafar da muka yi shekara goma sha tara muna gadi, lafiya lau ta bi ta kabari.

A maƙabarta masu haƙa suka tsaya da diga, Baffa ya ce, “To, nuna musu.” Jama'a duk suka juyo. Na bi katangar, na tsaya a gindin darbejiya ta huɗu, don kawai akwai wani dutse a wurin. Na ce, “Nan ne.” Aka auna taku biyu aka haƙa. Ina tsaye ina addu'ar Allah ya sa diga ta ci karo da farin ƙyalle, ina kuma addu'ar kada ta ci karo da na wani. Jar ƙasa kawai aka yi ta fitarwa.

Baffa, in an karanta maka wannan, ka daina nuna ni da carbi. Ka yafe mini. Ita ce dai ba ni da inda zan same ta in roƙa.

Allah ka jiƙan baiwarka da ta ciyar da matafiya a tsaye har ƙafarta ta fashe. Ka sa abin da ta sha ya zame mata wanka, ka haɗa mata gaɓoɓinta da ni na raba, ka tashe ta a kan ƙafa biyu.

Yanzu duk Juma'a bayan an sauko ina zuwa. In gaida mahaifina, in tsuguna wurin Goggo in yi mata addu'a. Daga nan in koma farkon katangar gabas, in bi ta a hankali har ƙarshe, ina sallama a gindin kowace darbejiya, ina cewa ta iso. Sabon mai gadin ya taɓa tare ni, ya ce, “Alhaji, wai mutum nawa gare ka a layin nan?”

Na ce masa mutum ɗaya ce.